Lamba ɗaya, hutu guda: littafin aikinmu a kan 33,550,336

Asabar, 26 ga Yuli, 2025

Yau muka fara. Yara shida ne suka zo zauren gidana a nan Tudun Wada, mata huɗu, maza biyu, dukansu za su shiga ajin ƙarshe na sakandare idan an koma. Iyayensu darasin hutu suka nema, a bi tsofaffin takardun jarrabawa, kuma za mu yi wannan ɗin Litinin da Laraba. Asabar ce na roƙa a bar mini, don akwai abin da na daɗe ina son gwadawa: mu ɗauki lamba guda ɗaya, babba, mu zauna da ita har ƙarshen hutu, mu san ta ciki da bai.

Na rubuta 33,550,336 a allo na ce a karanta da Hausa. Sai da aka ɗan ja kafin aka daidaita: miliyan talatin da uku, da dubu ɗari biyar da hamsin, da ɗari uku da talatin da shida. Ɗaya daga cikin mazan, ɗan tela ne, ya ce Malam ai wannan ba wata babba ba ce, ko gida ba za ta saya ba a unguwar Malali. Na ce to ya ƙirga mana ita, lamba ɗaya kowane sakan, dare da rana ba tsayawa. Kwana ɗaya sakan 86,400 ne. Da ya raba sai ya samu kwana 388 da awa bakwai da rabi. Ya yi shiru. In da wuri ne, irin ƙidayar kakanninmu da suke ɗaure dubu ashirin a keso guda, keso 1,677 ke nan, ga ragowar 10,336 a ƙasa.

Na sayo farin kwali a babbar kasuwa, mun manna a bango. Sharaɗinmu ɗaya ne: ba abin da zai hau kwalin sai wanda muka tabbatar da hannunmu. Kalkuletar waya sai an gama, don dubawa kawai. Ban gaya musu dalilin da ya sa na zaɓi wannan lambar ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Tunda ta ƙare da 6, cika ce, ba mara ba. Sai muka shiga raba ta biyu: 16,775,168, sai 8,387,584, sai 4,193,792, haka dai ana gangarowa. Sau goma sha biyu tana rabuwa lafiya lau, sannan muka sauka a kan 8191, ta tsaya cak. Wato lambarmu 4096 sau 8191 ce. Ita 4096 biyu-biyu ne guda goma sha biyu aka ninka. Don sauƙi muna cewa "2 hawa 12", kamar bene.

Rigimar tana wurin 8191. Ko akwai lambar da ke raba ta ba saura, ban da 1 da ita kanta? Irin waɗannan lambobi, 2, 3, 5, 7, 11, yara da sunan Turanci suka san su. Mun yi shawara, autar cikinsu ta kawo "gagara-rabo", kowa ya karɓa. Da shi za mu ci gaba.

Da farko sun tsorata, suna zaton sai an gwada lambobi dubu takwas. Na bar su cikin tsoron na ɗan lokaci, sannan na tambaya: in lamba biyu ne aka ninka suka ba da 8191, zai yiwu dukansu su wuce 90? Yarinyar da ke zama bakin ƙofa ta lissafa 91 sau 91, ta samu 8281, ya zarce. Ke nan dole ɗayarsu ta kasance 90 ko ƙasa da haka. Kuma ba sai an gwada 4 ko 6 ko 15 ba, tunda duk abin da 15 ta raba, 3 da 5 sun riga sun raba shi. Gagara-rabo da ke ƙasa da 90 guda 24 ne, daga 2 zuwa 89. Kowa ya ɗauki huɗu.

Ba wadda ta shiga. 11 ta bar saura 7, 53 ta bar 29, 79 ta bar 54, 89 ta bar 3, kamar za ta shiga ta fasa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne 2 da 3 da 5 da 7 da 13 duk saura 1 suka bari. Ba wani sirri ba ne, maƙwabciyarta 8190 ce ke rabuwa da su duka, amma na ji daɗin da suka lura da kansu. Layin farko ya hau kwali: 8191 gagara-rabo ce.

Asabar, 9 ga Agusta

Ranar da nake jira ke nan. Na ce a jero duk lambobin da ke raba 33,550,336 daidai, waɗanda muke kira sassanta. Tunda da tubali iri biyu kaɗai aka gina ta, 2 da 8191, jerin bai da wuya. Sahu na farko: 1, 2, 4, 8, har 4096, guda 13. Sahu na biyu: kowace ɗaya a ninka ta da 8191, wato 8191, 16,382, 32,764, har zuwa lambar kanta, su ma 13. Sassa 26. Lamba mai wannan girma da sassa 26 kacal, alhali 360, da ba ta kai ko'ina ba, tana da 24.

Sai na ce a cire ita kanta, a tara sauran 25 ɗin.

Sahu na farko ya ba da 8191, wanda shi ma ya sa su ɗaga kai. Sahu na biyu ya ɗauki lokaci, an yi goge-goge, a ƙarshe aka tsaya a kan 33,542,145. Ɗan tela ne ya haɗa biyun a allo. Yana rubuta 6 ɗin ƙarshe ya ja baya, ya dubi saman allon inda na rubuta lambar tun makon farko, ya ce, "Malam, ta dawo!" Sassanta sun taru sun ba da ita, ba ƙari ba ragi. Shekara nawa ina koyar da lissafi, amma wannan kallon da yaro ke yi idan abu ya faɗo masa a hannu, har yau ba ya isata.

Daga nan na koma da su ƙasa. Sassan 6, ban da ita kanta, su ne 1, 2, 3, sun ba da 6. Na 28 su ne 1, 2, 4, 7, 14, sun ba da 28. Amma 12 sassanta 16 suke bayarwa, sun yi rara; 10 kuwa 8, sun bar giɓi. Kowace lamba a duniya tana ɗaya daga gida ukun nan: mai rara, mai giɓi, ko wadda ta yi cif. Gida biyun farko cike suke maƙil. Na ukun kuwa 6, 28, 496, 8128, daga nan ba a sake samun ko ɗaya sai tamu. Ita ce ta biyar.

Suna ya ba mu ɗan wahala. Na fara cewa "cikakkiyar lamba", sai na ga suna rikita ta da cika ta wasan cika ko mara. Mun koma "kammalalliya".

Lahadi, 10 ga Agusta

Bayan la'asar limamin masallacin layinmu ya leƙo zaure ya ga kwalin. Dattijo ne da ya daɗe yana karantar da rabon gado. Na yi masa bayanin 6, yadda rabinta da sulusinta da sudusinta suke haɗuwa su ba da ita. Ya yi murmushi ya ce ai ya san wannan gidan. Mace ta rasu ba ɗa ba uba, ta bar miji da uwa da 'yan'uwa biyu da suka haɗa uwa kaɗai: miji rabi, uwa sudusi, 'yan'uwan sulusi. Asalin mas'alar shida, uku da ɗaya da biyu, dukiya ta ƙare cif. Wani lokaci kuma, in ji shi, rabon ya fi dukiyar yawa, kamar miji da shaƙiƙai mata biyu, rabi da biyu bisa uku, sai a yi auli, shida ta koma bakwai. Wani lokacin kuma a raba a bar saura.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai gidajenmu uku ke nan." Ya ce kama ce dai, kada in gaya wa yara abu ɗaya ne, kowane ilmi da ƙa'idarsa. Gaskiyarsa ne. Amma zan kawo musu misalin, don yaron da ya taɓa zama wurin rabon gado ya riga ya san ma'anar sassa su yi daidai da asali. Masana lissafi da suka yi rubutu da Larabci tamm da za'id da naƙis suke ce wa gidajen nan, kalmomin da Malam bai buƙaci a fassara masa ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Ruwa tun asuba, layinmu ya zama rafi. Biyu kaɗai suka iya zuwa. Mun yi da su.

Na tara murafen lemon kwalba a leda, muka jera a tabarma: ɗaya a sama, biyu ƙarƙashinsa, uku, kamar yadda mai lemo ke kasa kayansa. Layi uku sun cinye shida. Layi bakwai, ashirin da takwas. Ga alwatika sarai. 496 layi 31 take so, ba mu da murafen. Tamu fa? In an tara 1, 2, 3 har 8191. Ba mai yin wannan ɗaya bayan ɗaya, sai dabara: 1 da 8191 sun ba da 8192, 2 da 8190 haka, kowane na gaba da na baya haka. Tagwaye 4095, da 4096 a tsakiya ita kaɗai. 4095 sau 8192 ya ba da 33,546,240, a ƙara 4096, ga ta nan. Lambar alwatika ce mai layi 8191.

Da sauran lokaci muka rubuta ta da ƙidayar kwamfuta, ta sifiri da ɗaya. Ɗaya guda 13 a jere, sai sifiri guda 12: 1111111111111000000000000. Kana gani ka ga tarihin rabe-raben da muka yi ranar 2 ga wata. Sannan muka tara alƙalumanta, 3, 3, 5, 5, 0, 3, 3, 6, suka ba da 28. Yarinyar bakin ƙofa ta so mu rubuta cewa kammalalliya tana haifar kammalalliya. Na ce ta gwada 8128. Ta samu 19. Ta goge da kanta. Abin da ya tsaya shi ne in aka ci gaba da tarawa har ta zama alƙalami ɗaya, 28 da 496 da 8128 da tamu duk a 1 suke sauka, 6 ce kawai ta fita daban.

Asabar, 23 ga Agusta

Duk shida sun zo. Yau na ba su girke-girken da ke bayan abin. Yuklid, wanda ya zauna a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo shi a ƙarshen kashi na tara na littafinsa: ka riƙa tara 1, 2, 4, 8, duk inda jimlar ta zama gagara-rabo, ninka ta da lambar ƙarshe da ka tara, za ka samu kammalalliya. 1 da 2 uku ne, sau 2, shida. 1, 2, 4 bakwai ne, sau 4, 28. Sai 31 sau 16, sai 127 sau 64. Jimlolin nan su ne 2 hawa 2, 3, 5, 7, an cire ɗaya.

Ban ce komai ba, na bar su. Nan da nan suka ga 2, 3, 5, 7 gagara-rabo ne a jere, suka ce na gaba 11. 2 hawa 11 a cire ɗaya, 2047, sau 1024, ya ba da 2,096,128. Ɗan tela har ya ɗauki alƙalamin maka zai rubuta a kwali, yana cewa ashe Malam ya tsallake ɗaya, wannan ce ta biyar. Autar ce ta tare shi ta ce sharaɗi fa. Suka zauna gwaji. A kan 23 abin ya fashe: 2047 ashe 23 sau 89 ce. Da muka lissafa sassan 2,096,128, jimlarsu 2,325,392, mai rara ce.

Wannan ramin ya ci manya. Nikomakus, mutumin Jarash ta ƙasar Jodan ta yau, wajen shekara ta 100 miladiyya ya kawo huɗun farko, ya kuma ɗauka cewa akwai ɗaya a cikin ɗaiɗai, ɗaya a gomomi, ɗaya a ɗaruruwa, ɗaya a dubbai, haka za a yi ta tafiya, kuma ƙarshensu zai riƙa karɓa-karɓa tsakanin 6 da 8. Da haka ne, da ta biyar alƙalami biyar gare ta. Takwas gare ta. Ta shida kuma, 8,589,869,056, da 6 ta ƙare, kamar tamu. Misali huɗu ya gani ya yanke hukunci, kuma maganar ta yi ƙarnuka ana kwafarta. Sabit ɗan Ƙurra ya mayar da littafin nasa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. A ƙarni na 13 Isma'il ɗan Fallus ya kawo lambarmu cikin jerinsa, tare da ta shida da ta bakwai, amma ya haɗa da wasu da ba kammalallu ba. A Turai sai wajen 1456 zuwa 1461 ta fito a wani rubutun hannu da ba a san mai shi ba.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce, "Malam, mu fa? Ba namu a ciki?" Na ba ta labarin Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba a kan kammalallu ya yi ba, amma mutum ne da ya zauna da lambobi irin zaman da muke yi.

Alhamis, 28 ga Agusta

Sharaɗin ya fara matse ni. Akwai abubuwa na gaskiya da nake so su sani waɗanda ba za mu iya tabbatarwa a zaure ba a hutu guda. Na rasa yadda zan yi, in karya sharaɗin ko in ɓoye musu. Na manna kwali na biyu, shuɗi, na rubuta a samansa "Abin da aka gaya mana". Na farko da ya hau: Oila, ɗan Siwizalan na ƙarni na 18, ya tabbatar cewa duk kammalalliyar da take cika, daga girkin Yuklid ta fito, babu wata hanya. Sai da wannan ne za mu iya cewa tsakanin 8128 da tamu babu wata cika da ta ɓuya. Ke nan maganar "ita ce ta biyar" da na yi ranar 9 ga wata ba a farin kwali take ba. Na mayar da ita shuɗi.

Asabar, 30 ga Agusta

Aikin yau ya fi kowanne nauyi. 28 ita ce 1 da 27, wato 1 sau 1 sau 1, da 3 sau 3 sau 3. 496 kuwa 1, 27, 125, 343. Lambobin mara ne a jere, kowace hawa 3. Tamu tana buƙatar 64, daga 1 har 127, ta ƙarshen ita kaɗai 2,048,383. Na kasa su kashi huɗu, sha shida-shida.

Kashi na farko 130,816. Na biyu 1,965,312. Da aka haɗa biyun sai zaure ya ɗauki hayaniya: 2,096,128, lambar da ta yaudare su makon jiya. Ita ma tarin mara hawa 3 ce, ita ma alwatika ce, a ƙidayar kwamfuta ma irin fasalin tamu gare ta, amma ba kammalalliya ba ce. Duk kamannin tana da su, abu ɗaya ta rasa, 2047 ɗinta ta rabu.

Kashi na uku 8,518,400. Da na huɗu ya shigo, jimla ta tashi 33,550,426. Ta haura da 90. Wuta ta ɗauke, zaure ya yi duhu saboda hadari, kowa ya gaji, wani ya ce a duba da waya. Na ce a ɗan dakata. Na koya musu abin da masu riƙe littafin kuɗi suka sani: in bambancin yana rabuwa da 9, a fara zargin an juya alƙaluma biyu. Muka bi kashi na huɗu da tocila. A layin farko aka kama shi: 97 hawa 3 912,673 ne, an kwafe shi 912,763. Wadda ta rubuta ta ji kunya, na ce mata lissafinta daidai ne a takardar gwaji, wurin kwafa ne hannu ya zame, kuma ita ce ta gano shi. Kashi na huɗu ya koma 22,935,808, jimla ta zauna daram.

Asabar, 6 ga Satumba

Shuɗin kwali ya ƙaru. Ferma, Bafaranshe, a 1640 ya nuna cewa duk gagara-rabon da zai raba 2 hawa 13 a cire ɗaya, dole ya zama ninkin 26 (13 sau biyu) da ɗaya a kai. A ƙasa da 90, 53 da 79 ne kaɗai. Wato rabo biyu ya isa a maimakon 24 da muka yi. Sun yi ƙorafi, me ya sa ban faɗa ba tun farko. Na ce ku duba 23 da 89 na 2047, ninkin 22 ne da ɗaya a kai. Yanzu da kuka sha wahalar kun san abin da dabarar ta sauƙaƙa.

Sai babbar tambaya: akwai kammalalliya mara? Ba wanda ya taɓa samu, ba wanda ya tabbatar babu, fiye da shekara dubu biyu. Abin da aka kai a 2012 shi ne in akwai ta, ta wuce 10 hawa 1500. Kammalallun da aka sani 52 ne, duk cika. Ta ƙarshe ta fito ne daga gagara-rabon da aikin haɗin gwiwar kwamfutoci na GIMPS ya gano a Oktoban 2024, 2 hawa 136,279,841 a cire ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320. Ko kammalallun suna da iyaka, shi ma ba a sani ba. Autar ta tambaya a wane kwali za a sa abin da ba wanda ya sani. Ba ni da na uku, sai muka rubuta a bayan shuɗin.

Laraba, 10 ga Satumba

Bayan darasin jarrabawa yarinyar bakin ƙofa ta tsaya ta miƙo mini takarda. Ta ɗauki 131,071, wato 2 hawa 17 a cire ɗaya, tubalin kammalalliya ta shida, ta bi dabarar Ferma da ninkin 34. A ƙasa da 362, inda gwajin wannan ke tsayawa kamar yadda na 8191 ya tsaya a 90, ta samu huɗu: 103, 137, 239, 307. Saura 55, 99, 99, 289. Na bi lissafin, daidai ne. Kataldi na Italiya ya tabbatar da wannan lambar a 1588 ta hanyar gwada gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce tana so ya hau farin kwali. Na ce rabon nata ne, amma dabarar da ta rage su zuwa huɗu a shuɗi take. Ta yi tunani ta ce to ko dai ta gwada sauran gagara-rabon duka har 359, ko in koya mata dalilin Ferma. Na ce ta zaɓa. Ta zaɓi dalilin. Asabar ɗaya ta rage mana kafin a koma makaranta, ba za ta isa ba, don haka zan je in ga mahaifinta gobe bayan magariba in nemi izinin ta ci gaba da zuwa tare da ƙanenta. Akwai kuma maka baƙa da ta ƙare, sai na sayo kafin Asabar.